Ranar da Muka Kawo wa Kwamfuta Shaidu

Ƙauyenmu yana can bayan Kaoje, inda in ka ɗan taɓa tafiya a ƙasa sai ka ji yara sun fara gaishe ka da Dandanci. Sabis ɗin wayar Nijeriya bai taɓa sanin muna duniya ba. Na Benin ne ke leƙo mu, shi ma sai ya ga dama, kuma sai an ɗaga waya sama an fuskanci yamma. A lokacin da nake ba da labari ina koyarwa a wata firamare a Bagudo, kuma ina da kwamfutar cinya ta hannu da na sayo a Birnin Kebbi. Saboda ita ake ganina a gida kamar na san komai, alhali babban aikin da nake yi da ita shi ne buga wa 'yan aji biyar jarrabawa.

Yayana masunci ne, kuma shi ne ɗan farin Inna. Shekara bakwai kafin wannan rana kifi ya yi ƙaranci a wajenmu, sai ya hau ruwa da wasu abokan sana'a suka yi sama wajen Benin. Abokan suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin labarinsa. Wannan ya ce a wata kasuwar bakin ruwa suka rabu, wancan ya ce ya ji an ce ya wuce Nijar. Ba gawa, ba saƙo. Abin da ya bari a gida shi ne matarsa, da 'yarsu guda, da tsohuwar gorarsa ta tuƙi jingine a bayan rumbu. Inna, kamar kowace uwa a wajenmu, ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kuma cewa ɗanta ne a gaban mutane. Tun ina yaro "wancan" nake ji tana kiransa. Bayan ya ɓace ma haka ta ci gaba, sai dai kalmar ta ƙara nisa a bakinta.

Tun rasuwar Baba, Kawu ne ke riƙe da gidan. Ƙanen Inna ne, tsohon masunci da gwiwa ta hana shi ruwa. Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu sai ya kamu da son zaman kotu, yadda wasu ke kamuwa da son ƙwallo. Ba malami ba ne, ba ma'aikaci ba ne, zuwa kawai yake yi ya zauna a bencin baya ya saurara, ya dawo gida da kalmomi. Daga nan ko ɗan akuya ba a sayarwa a gidanmu sai da shaidu biyu. Ya taɓa hana ni ba wani maƙwabci aron tsani don bai bayyana ranar mayarwa ba.

Dangin matar Yaya sun daɗe suna roƙon a raba auren ta samu ta yi wani, tun tana da sauran ƙuruciya. Alƙali ya shaida wa Kawu cewa wa'adin jiran wanda ya ɓace ya wuce tuni, a kawo maganar kawai. Amma Kawu, duk son kotunsa, ya ce ba zai taka ƙofarta da wannan zance ba sai yayarsa ta buɗe baki ta ce ta yarda. Duk bayan girbin shinkafa sai ya tambaye ta, ita kuma ta ba shi amsa guda, ba tare da ta ɗago daga abin da take yi ba: "Ban yarda ba." Ni kuwa ina tsakiya, tausayin matar Yaya na cina, tsoron Inna kuma ya hana ni magana.

Sai wata damina wani ɗan kasuwar shinkafa ya dawo daga ƙetare da labari. Ya ce an nuna masa wani bidiyo a intanet, na ambaliyar da aka yi a wani garin bakin ruwa na Benin, kuma a ciki akwai wani mutum yana sauke buhuna daga jirgi. Ya rantse Yaya ne. Ya sa aka turo mini adireshin shafin a wayata, wadda ban da kira da haska hanya ba ta iya komai. Da aka gaya wa Inna, sai ta ce a kawo mata ta gani da idonta. "In shi na, to. In ba shi na ba, sai in hwaɗi abin da kuke son ji."

Kawu ya kafa doka cewa kada kowa ya riga Inna kallo, don kada shaida ta gurɓace. A wannan karon dokarsa ta yi mini daɗi, domin tsoron buɗe shafin nake yi ni kaɗai a ɗakina na Bagudo. Na sayi layin Benin a wurin masu fito, na sa a 'yar sandar modem ɗina mai jawo intanet, na ɗaure kwamfuta a bayan babur ranar wata Asabar da sassafe. A raina ina cewa kafin a gama karin kumallo an gama komai.

A ƙofar zaure muka shimfiɗa tabarma. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, don haka ladanin unguwa ya ara mana ƙaramin janareton masallaci, da sharaɗin zai ɗauke abinsa in azahar ta yi, saboda lasifika. Na soka modem, ba sabis. Na ɗaga kwamfutar sama da kaina, ya ɗan leƙo ya koma. Daga ƙarshe na haɗa doguwar wayar da nake da ita, muka ɗaure modem a kan gorar Yaya da tsumma. Wurin da sabis ya amince ya sauka kuwa yana cikin gida, bayan zanar da ta raba zaure da tsakar gida, kusa da turmi. Mun gwada kafa gorar a ƙasa, ta ƙi, sai an karkata ta wajen Benin an riƙe da hannu.

Matar Yaya ce ta ce za ta riƙe. Ba ta iya fitowa cikin maza, kuma ina jin ta fi son hannunta ya samu aikin yi. Sai ya zama ita da abin ya fi shafa ita ce ba ta ganin komai. Mu ma ba ma ganinta, sai kan gorar da ya zarce zana, da tsumma yana lilo.

"Matarmu, hagu kaɗan," na ce mata, kamar yadda na saba tsokanarta.

"Hagunka ko haguna?"

"Hagun Benin."

Haka dai muka yi ta yi har sanduna biyu na sabis suka tsaya a ƙasan allo. Na buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita, na kwafi adireshin baƙi bayan baƙi. Shafin ya fara saukowa daga sama a hankali, kamar ana warware tabarma. Abin da ban yi tsammani ba shi ne, da kwamfutar ta ji ƙamshin layin Benin sai ta ɗauka ta yi hijira. Komai ya koma Faransanci. Ni da nake koyar da Turanci, na zauna a gaban kayana ina kallon rubutu kamar ban taɓa shiga aji ba.

A inda ya kamata bidiyo ya fito, baƙin fili ne kawai da 'yar alama a tsakiya. Wannan na gane ko ba fassara: kwamfutar ba ta da manhajar da ke kunna bidiyo a cikin burauza, sai an sauke. Na danna, wani siririn layi ya fara cika. Inna tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugune, ta ƙura wa layin ido.

"Shi na ke tahowa?"

"A'a Inna, wanda zai buɗe masa ƙofa ne."

Ta gyaɗa kai, kamar wannan tsari ne da ta sani. Rana ta ɗaga sosai kafin layin ya cika. Na danna don manhajar ta zauna a cikin kwamfuta, sai ga wani dogon rubutu ya bayyana, ƙanana-ƙanana, da akwatuna biyu a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya taɓa kwamfuta ya san wannan wuri, kuma ya san ba mai karantawa. Na kai hannu ke nan Kawu ya riƙe mini wuyan hannu.

"Tsaya. Mi yac ce?"

"Ba komai, Kawu. Ƙa'ida ce kawai. Wannan akwatin na nufin na yarda, wancan kuma ban yarda ba. In an danna na yarda sai a wuce."

"Ka yarda da mi?"

"Da abin da suka rubuta."

"Mi sunka rubuta?"

Na ce ban sani ba, Faransanci ne, kuma ko da Turanci ne ba mai karantawa, duk duniya haka ake yi. Kawu ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ce duk duniya ta daina wanke hannu. Ya ce a ƙofar gidansa ba za a ƙulla yarjejeniya da mutumin da ba a gani ba, a kan magana da ba a ji ba, babu shaidu, babu wakili. Ya tambaye ni sunan mai manhajar, da garinsu, da ko Musulmi ne. Na fara ɗaga murya. Ina da saurin fushi, gadon Baba ne, kuma ranar ga janareto yana ta shan mai a banza.

Inna ce ta raba mu. Ita dai ta ji an ambaci zaɓi biyu, kuma ɗaya daga ciki tsohon abokinta ne. Ta ce, "To a hwaɗa mai ban yarda ba. Shi dai shi nuna muna abin da munka zo gani."

Na yi mata bayani cewa babu wannan hanyar, ba a ƙin yarda kuma a ga abu. Ta ce ita ta yi shekara bakwai tana haka kuma ba abin da ya same ta. Kawu ya ce maganarta tana da ƙarfi. Haushi ya sa na ce to bari ku gani, na danna akwatin ban yarda ba da ƙarfi har kwamfutar ta girgiza. Komai ya rufe. Manhajar da muka yi rabin safiya muna jira ta tattara nata ya nata ta tafi, muka koma kan baƙin fili.

"Mutumen ga shina da zuciya," in ji Kawu, da alamar girmamawa a muryarsa.

Daga bayan zana matar Yaya ta tambaya ko an gani. Na ce mata tukuna, ta canja hannu in ta gaji. Na sake danna saukewa, layin ya sake farawa daga farko, Kawu kuma ya aika a nemo tafinta da shaidu.

Tafintan wani surukinmu ne Badande, direban jirgin inji, wanda ya yi 'yan shekaru a firamare a ƙetare kafin ruwa ya ɗauke masa hankali. Shaidu kuwa ladan, wanda dama yana nan yana gadin janaretonsa, da wani maƙwabcinmu mai bandar kifi, da ya zo da warin hayaƙi da niyyar yin gaskiya. Suka zauna a jere, suka cire takalma, wai don girman abin. Da rubutun ya dawo, tafinta ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allo. Sai ya karanta layi da Faransanci a bayyane, ya yi shiru yana juya shi da Dandanci a cikinsa, sannan ya fito da shi da Hausa. Abin da ke isowa gare mu bayan wannan doguwar tafiya ba ya da yawa.

"Ya ce abin nan nasa ne. Ya ba ku, amma bai ba ku ba."

"Aro ke nan," in ji Kawu. "Ranar mayarwa hwa?"

Tafinta ya duba ƙasa, ya duba sama. "Bai faɗa ba. Ya ce duk ranar da ya ga dama zai karɓe."

Kawu ya ce wannan aron marowaci ne, amma ya halatta. Aka ci gaba. Tafinta ya ce mutumin ya hana a farke abin a duba cikinsa. Mai banda ya ce shi bai taɓa karɓar kifin da aka hana shi duba cikinsa ba, ladan ya tuna masa cewa shaida aka kira shi, ba ciniki ba. Sai aka zo wani wuri da aka rubuta da manyan baƙaƙe, tafinta ya daɗe a kai.

"Ya ce abin nan yana iya yin aiki, yana iya ƙi. In ya ƙi, ba ruwansa. In ya lalata muku kwamfuta, ba ruwansa. In wani abu ya same ku ta dalilinsa, ko da an gaya masa tun farko zai same ku, ba ruwansa."

Na zaci nan Kawu zai tashi taro. Sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce shekararsa nawa yana zaman kotu bai taɓa ganin mai kaya ya bayyana aibin kayansa haka tun kafin a tambaye shi ba. Ya ce wannan mutum, ko wane ne ubansa, yana da tsoron Allah. Abin da kawai bai gamsu da shi ba shi ne sharaɗin cewa in rigima ta taso, a wata kotu ta ƙasarsu za a yi shari'a. Ya sa shaidu su riƙe cewa shi gwiwarsa ba ta kai shi ko Zagga, balle can. Suka ce sun riƙe.

Duk wannan abu inuwar zaure tana ta janyewa, ladan yana ɗaga kai yana duban rana. Na roƙi tafinta da ido ya tsallake, shi kuwa ya samu ranar da karatunsa ya yi amfani, ba ya son ta ƙare. Da ƙyar ya kai ƙarshe. Kawu ya gyara hula, ya fuskanci kwamfuta, ya ce, "Na yarda," sau uku, shaidu suka ce sun ji. Sannan ya ba ni izini na danna.

Manhaja ta zauna. Na koma shafin, sai burauza ta ce ita ma ta tsufa, sai an rufe ta an sake buɗewa kafin ta san baƙuwar da aka kawo mata. Na rufe, na buɗe, na sake kwafar adireshi. Sai shafin ya tsayar da mu da wata sabuwa: hotuna tara a jere da tambaya a sama. Tafinta ya karanta, ya sake karantawa, ya dube mu da kunya.

"Ya ce bai tabbata ku mutane ba ne. Wai ku nuna masa duk hoton da akwai jirgin ruwa a ciki."

Masunta uku ne a zaune a wurin, Kawu da shaidunsa biyu, jikokin masunta, ga kuma direban jirgi. Kawu ya ce an zo gidan masu abin. Suka taru a kan allo. Hoton farko duk suka yarda jirgi ne, ko da yake wanda ya sassaƙa shi bai iya ba. Na biyu wani farin abu ne mai hawa biyu da tagogi, Kawu ya ce wannan ba jirgi ba ne, bene ne ambaliya ta ci. Na uku mai tsumma a sama, mai banda ya ce shanya ce. Na ce musu duk jirage ne a wurin masu tambayar, Kawu ya ce ba zai yi shaidar zur a kan jirgi ba a ƙarshen rayuwarsa. Muka danna guda ɗayan. Shafin ya yanke hukuncin cewa mu ba mutane ba ne.

A zagaye na biyu ban nemi shawarar kowa ba. Na danna bene, na danna shanya, aka karɓe mu cikin 'yan Adam. Kawu ya ce alhakin yana wuyana.

Baƙin filin ya yi motsi. Wani ɗan zobe ya bayyana a tsakiya yana juyawa, sai ga ruwa, jan ruwan ambaliya, da rufin bukkoki a cikinsa. Wata murya tana magana da Faransanci, ba wanda ya nemi fassara. Inna ta jawo kujerarta har gwiwarta ta taɓa tawa. Ban tuna rabon da ta zauna kusa da ni haka ba. Hoton yana tafiya kaɗan, ya tsaya, zoben ya juya, ya sake tafiya. Mata da ƙullin kaya a ka. Wata saniya a kan tudu. Sai bakin gaɓa, da jirgi, da wani mutum ya ba mu baya, da malfa a kansa, yana ɗaga buhu.

Kafaɗun irin na Yaya ne, tsayin ma haka. Ladan ya yi salati a hankali. Matar Yaya ta ji salatin, sai muka ga kan gorar ya fara rawa a saman zana. Sabis ya ɗauke. Mutumin ya tsaya da buhu a sama, ya fara juyowa bai gama ba, zoben yana juyawa a kan kunnensa.

"Matarmu, riƙe da kyau," na ce, amma muryata ba ta fito da wasa ba.

"Ina riƙe," ta ce. Gorar ba ta daina rawa ba.

Muka zauna muna kallon rabin kumatun mutum. Hoton ba shi da kyau, fuskar duk 'yan murabba'ai ce kamar zanen tabarma. Mai banda ya ce wallahi shi ne, ga haɓar gidan nan. Ladan ya ce shi ba zai iya rantsuwa a kan haɓa ba. Kawu ya ɗora hannu a kan gwiwarsa mai ciwo yana murzawa. Ni kuwa addu'a nake yi, kuma har yau ban san wanne nake roƙo ba, ya zama shi ko kada ya zama.

Inna ce ta ɗaga murya ta yi wa surukarta magana ta saman zana, abin da ba ta cika yi ba. "Ɗiyar mutane, jingina ta ga kahwaɗarki. Ja numhwashi." Gorar ta lafa. Sanduna biyu suka dawo, zoben ya ɓace, mutumin ya ƙarasa juyowa. Ya ajiye buhu, ya ɗauki gora ya tura jirgi, ya dubi mai ɗaukar hoto ya yi 'yar dariya, sannan aka wuce kan wani jami'i yana jawabi.

"Mai da shi baya," in ji Inna.

Na mayar. Ya sake ba mu baya, ya sake ɗaga buhu. Ta ce in tsayar a nan, kafin ya juyo. Ta kai yatsa ta taɓa allon a tsakanin kafaɗunsa, ta bar shi a wurin. Ta sa na sake mayarwa, kuma a nan dai ta ce in tsaya. Sai a karo na ukun na lura ba ta son wurin da yake juyowa. Bayan take so.

Ladan ya yi gyaran murya. Inuwa ta ƙare, azahar ta yi. Bai ce a ba shi janareto ba, amma ya sa takalmansa. Inna ta janye yatsarta, ta goge a zane.

"Ba shi na ba," ta ce. "Wanga da dama shika tura jirgi. Wancan bahago na. Tun da yaɗ ɗauki gora na gane."

Ba wanda ya yi gardama. Dukanmu mun san Yaya bahago ne, kuma dukanmu mun ga hannun da mutumin ya yi tuƙi da shi, mun dai ƙi gani ne. Kawu ya ɗan jira, sannan ya juya ga Inna, yayarsa, ya yi tambayarsa ta kowace shekara, amma a wannan karon da murya ƙasa-ƙasa, ba irin ta kotu ba.

"Yaya, to kin yarda?"

A makaranta muna koya wa yara su raba kalmomi biyu a rubutu: yarda, wato amincewa, da yar da, wato jefar da abu. A bakin mutanenmu kuwa duka biyun kusan abu ɗaya suke fitowa, ɗan hawa da saukar murya ne kawai ya raba su. Ban taɓa kawo wa raina cewa shekara bakwai Kawu yana tambayar ɗaya, Inna tana amsa ɗayar ba.

Ta dubi shaidun, ta dubi zana. Ta yi magana da ƙarfi yadda za a ji a tsakar gida.

"Ku tai wurin alƙali ku sallami ɗiyar mutane, ta yi haƙuri ya isa. Wanga na yarda." Ta ɗan tsaya. "Amma ku shaida, ban yar da ɗana ba."

Ban taɓa jin ta ce ɗana ba sai ranar. Kawu ya sunkuyar da kai. Shaidun da aka kira don manhajar kunna bidiyo suka ce sun shaida. A saman zana muka ga gorar Yaya tana sauka a hankali, tsumma da modem suna bin ta, har ta ɓace. Allon ya nuna babu sabis. Daga ciki ba mu ji kuka ba, sai ƙarar gora da aka jingina a bayan rumbu, inda take dama.

Ladan ya kashe janareto, kwamfutar ta mutu nan take. Ina naɗe waya Inna ta tambaye ni wane ne a cikin kayan nan ke jin maganar ƙetare. Na ɓalle modem na ciro ɗan layin, bai kai farcen babban yatsa ba, na nuna mata. Ta karɓa ta ƙulle a haɓar zanenta.

Bayan sallar layya matar Yaya ta yi aure a Lafagu, Inna ce ma ta yi mata rakiya har bakin mota. Layin kuwa kamfanin ya daɗe da rufe shi don ba a amfani da shi, amma ban gaya wa Inna ba. Duk zanen da ta canja sai ta kwance shi ta mayar a sabon, kuma da ta rasu a haɓar zanenta masu wanka suka same shi, suka aiko suna tambayata ko laya ce.